Wurin iyon da muka yi a bayan gidan Yaya

Shekara biyu kenan da Yaya ya fara cika min waya da hotuna a WhatsApp, kullum dare sai ya turo biyar ko shida, duk na wurin iyo ne a gidajen Dubai da Amurka, ruwa garai-garai, fitilu ta ƙasa, ga kwamin jakuzi, wato na shiga ruwan ɗumi, a gefe yana ta ɓulɓula. Shi yana Abuja wurin aiki, gidan da yake ginawa kuma yana nan Kano, to ni ne a kan aikin tun daga fandisho har fenti. Da muka zo kan filin baya ya ce min, "ƙanena irin wannan nake so, kar ka rage min komai."

Wanda ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne irin wanda ruwa ke malala ta baki ɗaya kamar ba shi da ƙarshe, irin na saman otal ɗin Marina Bay Sands a Singafo, wanda ke hawa na 57 kuma tsawonsa ya kai mita 150. Yana da kyau kam, ba musu. Amma kyansa ai daga abin da ke gabansa yake, ko teku ko gari shimfiɗe a ƙasa. Mu filinmu a miƙe yake ɗoɗar, abin da ke gabanmu katanga ce da tankin maƙwabci, sannan irin wannan sai an yi masa wani kwami na biyu da zai tari ruwan da ke zuba da wani injin da zai mayar da shi sama. Na ce Yaya a yi haƙuri da wannan.

Sai muka zo kan girma, nan ne muka fi daɗewa muna ja. Shi yana son mita 12 tsawo, 6 faɗi, zurfi ɗaya da rabi. Na zauna na buga masa lissafi a takarda na ɗauki hoto na tura masa: lita 108,000 kenan, idan da jarkar 'yan garuwa mai lita 25 za a cika shi sai an zuba jarka 4,320, a unguwar da bohol ɗinta ke ja baya duk bazara, mutane na layi da bokiti tun asuba. Wallahi ni abin har nauyi ya yi min a zuciya. Ya yi shiru kwana biyu, sannan ya kira ya ce to nawa kake gani. Muka tsaya a kan 6 da 3, zurfi 1.3, lita 23,400. Babba zai tsaya ƙafarsa a ƙasa kansa a waje, kuma gaskiya yawancinmu ba tseren iyo za mu yi ba, shiga za mu yi mu sha sanyi a watan Afrilu lokacin da zafin Kano ke haura 40. Daga baya na sa alama a jikin tayil na ga a tsakiyar bazara ruwan na sauka kusan santimita ɗaya a rana, rana da iska ke shanye shi, a namu lita 180 kenan kullum, da mun yi wancan babban da 720 ce.

Abin da ya ƙara kwantar masa da hankali hotunan tsofaffin gidajen Marakesh ne a Maroko, waɗanda ake yi wa ɗan ƙaramin wurin ruwa a tsakar gida, katanga doguwa ta kewaye, ƙananan tayil kore, inuwa ta ko'ina. Da Anti, matar Yaya, ta gani ta ce yawwa, wannan ya yi kama da gidan mutane. Dama ita tun farko ta faɗa, ta ce muddin mai benen bayanmu zai iya hango ta daga tagarsa to ko yatsa ba za ta tsoma ba, ita da 'yan matanta. Wannan maganar ce ta sauya tsarin gaba ɗaya, muka janyo wurin kusa da sashenta ta yadda daga kicin tana ganin ruwan, muka ɗaga katanga ta wancan ɓangaren, muka kafa rumfar katako mai tsaga-tsaga ta rufe kusan rabinsa. Rumfar ta yi mana amfani biyu, domin hasken rana na cinye kulorin, maganin da ke tsabtace ruwan, da sauri, wurin da ke da inuwa maganin ya fi daɗewa a ciki.

Akwai tsohuwar darbejiya a kusurwa, Hajiya ta ce ba mai sare ta tana raye. Muka bar ta muka matsa nesa da ita saboda ganye da saiwa.

Inda muka sha wuya shi ne wurin ginin kansa. Ma'aikacin farko da aka kawo mana ya yi rantsuwa ya saba, ya zuba kankare da rodi ya yi filasta ya manna tayil, a ido ba ka ce komai ba. Sati biyu da cikawa sai na ga ruwa na sauka fiye da ƙima, shi kuma ya dage wai rana ce. Wani injiniya ya koya min dabara mai sauƙi, ka cika bokiti da ruwa ka ajiye shi a kan matakalar ciki, ka daidaita ruwan bokitin da na waje ka sa alama, ka kashe inji ka bar shi kwana ɗaya. Idan rana ce duka biyun za su sauka daidai. Da safe na zo na tsuguna na duba, na bokiti ya ɗan taɓa kaɗan, na waje ya sauka kusan faɗin yatsu biyu. Ashe bai sa maganin hana yoyo ba sam kafin tayil, kuma bakin bututun da suka ratsa kankaren ma bai toshe su da kyau ba. Haka aka ɓamɓare tayil ɗin nan kaf aka sake, kuɗi suka tafi, raina ya ɓaci sosai don amanar ɗan'uwana ce a hannuna. Duk mai niyya, ya cika ramin da ruwa ya gwada shi kwanaki kafin a manna ko tayil ɗaya.

Daɓen gefe kuma mai kaushi muka sa, mai haske, don mai sheƙi santsi gare shi in ya jiƙe, baƙi kuma da azahar ba ka iya taka shi ba takalmi. A ciki muka yi wani faffaɗan dandamali daga gefe ɗaya, zurfinsa santimita 25 kacal, yanzu ana yayinsa sosai kuma a ganina duk cikin sabbin salon nan shi ya fi dacewa da mu, nan ƙanana ke wasa a gaban uwarsu, nan Hajiya ke sa kujerar roba ta zauna ƙafafunta a ruwa tana jan carbi.

Hotunan intanet ba sa nuna hunturu. Ranar da hazo ya fara sauka na zo da safe na tarar ƙura ta kwanta a ƙasan ruwan ja-ja kamar an barbaɗa garin bulo, saman kuma wani yauƙi-yauƙi. Dole sai da murfi na tamfol mai kauri, da matatar yashi da ake wankewa a kai a kai, kuma injin sai ya yi awa 6 zuwa 8 yana juya ruwan kullum, abin da wutar nepa ba za ta ba ka ba, janareto kuma ya cinye ka da mai. Sola muka sa masa shi kaɗai yana aiki da rana. Akwai ɗan kwalin gwaji da ake ɗiga wa magani, awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin tsakanin 1 da 3. Lokacin da injin ya lalace na sati guda a damina ruwan ya koma kore shar da gansakuka, sauro ya samu gida, tun daga nan ban ƙara wasa da shi ba.

Jakuzi kam da farko ban goyi baya ba, na ce garin da ake neman sanyi me za a yi da ruwan zafi. Yaya ya ce don Hajiya ne, tun da ya kai ta Yankari ta shiga ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke zaune a wajen digiri 31 rani da damina, take cewa gwiwoyinta sun saki. Ashe ma asalin abin daga jinya ya faro, sunan wasu 'yan'uwa ne 'yan asalin Italiya da suka zauna a Kalifoniya, ɗayansu Candido Jacuzzi ya ƙera famfon da ake sakawa a kwamin wanka saboda ɗansa mai ciwon gaɓoɓi, sai a 1968 Roy Jacuzzi ya fito da kwamin da bututun ke jikinsa. Muka yi ɗan ƙarami na mutum huɗu, daban da babban ruwan don kar zafin ya riƙa tsiyayewa a banza, da murfinsa, da hitar sola a kan rufi. Ba a wuce digiri 40 ko kusa, mu a 37 muke barinsa, ba a daɗewa a ciki, mai ciki da ƙananan yara ba sa shiga, mai hawan jini ko ciwon zuciya sai ya tambayi likitansa. Daga Disamba zuwa Fabrairu yake aiki sosai, sauran watanni yawanci a rufe yake.

Sai maganar shinge, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta duk wannan. Mai zanen ya ce shinge zai ɓata kyan wurin, Yaya ma ya so ya biye masa. Ana cikin wannan jan, wata la'asar Anti ta leƙo ta tagar kicin ta hango autanta, bai cika shekara biyu ba, ya rarrafa ta ƙofar baya ya durƙusa a bakin ruwan yana miƙa hannu zai kamo ƙwallonsa. Ta ce ba ta san lokacin da ta tsallake tukunya ba. Ba abin da ya same shi alhamdu lillahi, amma daren nan ba wanda ya runtsa a gidan. Yaro in zai nutse ba ya ihu ba ya fantsama, shiru ake ji, kuma gidajenmu gidajen taro ne, ranar suna ko sallah yara ashirin na zagaye kowa na zaton wani na kallonsu. A Ostireliya doka ce, shinge ya kai aƙalla mita 1.2, tsakanin sandunansa kar ya wuce santimita 10, ƙofar ta buɗe ta waje ta kuma rufe kanta ta sa sakata da kanta. Faransa ma tun 2003 ta wajabta abin kariya a irin waɗannan wuraren na gida. Wannan awon na kai wa mai walda, ya kewaye ruwan ta fuska huɗu, har ta ɓangaren gida, sakatar can sama inda hannun yaro ba ya kai. Fitilun cikin ruwa kuma masu bolt 12 muka sa, na tsaya a kan mai wayarin har ya gama.

Yanzu manyan yaran uku duk sun iya iyo, wani malami ke zuwa ranar Asabar, 'yan matan kuma wata ce ke koya musu. Duk Juma'a in na je gidan bayan masallaci nakan buɗe ƙofar shingen in sake ta in tsaya har sai na ji ƙarar sakatar ta faɗa. Makon jiya na ji sifirin ɗin ya fara sanyi, na kira mai walda ya ce gobe da safe yana tafe.