Jak ɗin tifa da lilon Abu Dabi

Sana'ata gyaran haidirolik ce. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina kwance jak ɗin tifa, famfon katafila da tiyon gireda a garejinmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Ranar Asabar da ta wuce wani yaron shagona ya zo mini da waya, yana nuna mini bidiyon wani jirgin lilo, irin taragon nan da ke gudu kan layin dogo a filayen wasa, da ya tashi daga tsaye kamar an saki kibiya. Ya ce, "Maigida, wannan injin jirgin sama aka ɗaura masa ko?" Na ce masa babu inji ko ɗaya a jikinsa, kuma abin da ke jan sa shi ne abin da muke wuni muna kwancewa da sifana. Bai yarda ba. Na yi masa alkawarin zan rubuta bayanin, shi da sauran yara su karanta a tsanake.

Ni na hau irin lilon nan da kaina. Shekarun baya na je Sharja sayen kayan gyara, sai Alhajin da ya sauke ni ya ce ba zan koma gida ba sai na ga wani abu. Muka kama hanya zuwa Abu Dabi, tsibirin Yas, inda filin wasa na Ferrari World yake. Sunan lilon Formula Rossa. An buɗe shi a 2010, kamfanin Intamin ne ya ƙera shi, kuma ya yi shekaru babu wanda ya kai shi gudu a duniya. Kafin ka zauna sai an ba ka tabarau mai roba ka ɗaure, domin a irin wannan gudu ƙwayar rairayi ko ƙaramin ƙwaro na iya yi wa ido lahani. Muka shiga, mutum 16, aka danne mu da ƙarfe a cinya. Jirgin ya gangara a hankali ya tsaya a kan miƙaƙƙen layi. Na ji wani ɗan "ƙwas" a ƙarƙashinmu. Daga nan sai bayana ya manne da kujera, kumatuna suka koma baya, salati ma da ƙyar ya fito. Cikin daƙiƙa 4.9 mun kai kilomita 240 a awa. Da za a riƙe wannan gudu daga Katsina zuwa Daura, minti ashirin ya isa.

Da muka sauka Alhaji yana ta dariya yana tambayata ko za mu ƙara. Ni kuwa hankalina yana kan wancan "ƙwas" ɗin. Kunnen bakanike ya san ƙarar ƙarfe idan ya kama ƙarfe.

Tsohon salon lilo, sarƙa ce ke jan taragon a hankali zuwa saman tudu, sannan ta sake shi ya gangaro. Gudunsa duka daga tsawon tudun yake fitowa. In da haka za a nemi kilomita 240 a awa, sai an gina tudun da ya haura mita 200. Tudun Formula Rossa mita 52 ne kacal. Ashe ƙarfin daga wani wuri ake samo shi, a wani ɗaki da fasinja ba ya gani, can ƙarshen miƙaƙƙen layin.

A ɗakin nan akwai manyan famfuna da lantarki ke juyawa. Ba sa taɓa jirgin. Aikinsu su tura man haidirolik cikin wasu manyan silindoji da muke kira akumuleta. Kowace akumuleta ɗaki biyu ce, fistin ya raba tsakani: gefe ɗaya mai, gefe ɗaya iskar nitirojin. Mai ba ya matsuwa, wannan kowane yaron gareji ya sani, shi ya sa jak ke ɗaga tan talatin na yashi. Iska kuwa tana matsuwa. To yayin da famfo ke cusa mai, fistin yana ta danne nitirojin, tana ƙanƙancewa, tana tara ƙarfi, kamar yadda yaro ke jan danƙon harbin tsuntsu a hankali har ya kai kunne. Nitirojin ake sawa ba iskar da muke shaƙa ba, saboda iskar da ke ɗauke da oksijin in ta haɗu da mai a ƙarƙashin matsi da zafi tana iya kamawa da wuta. Duk wanda ya taɓa cika gas a hamar fasa dutse da ake ɗaura wa katafila ya san wannan doka.

Nan ne hikimar take, kuma ita ce ta fi burge ni. Famfon ba sai ya zama mai ƙarfin harba jirgi ba. Yana da lokacin da fasinja ke sauka, wasu na hawa, ana duba makulli, yana tarawa kaɗan-kaɗan. Da lokaci ya yi sai bawul ya buɗe, abin da aka tara ya fito gaba ɗaya cikin 'yan daƙiƙu. Man ya faɗa cikin jerin motocin haidirolik, wato injinan da ƙarfin mai ke juyawa, da ke kewaye da wata ƙatuwar ganga, suka juya ta. Gangar tana naɗe igiyar ƙarfe, kamar mai jan guga daga rijiya, sai dai da saurin da ido ba ya bi. Ƙarshen igiyar yana ɗaure da wani ɗan keken ƙarfe da ke gudu cikin kwari a tsakiyar layin dogon. Akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin jirgin da ke saukowa ya shiga ramin keken nan. Shi ne "ƙwas" ɗin da na ji. Keken ya ja jirgin har ƙarshen miƙaƙƙen layi, ya taka nasa birki, jirgin ya wuce shi da gudunsa, wata igiya kuma ta dawo da keken baya don jiran na gaba.

Ga lissafin da na san yarana za su gane. Kingda Ka, wani lilo irin wannan da aka buɗe a jihar New Jersey ta Amurka a 2005, a zamaninsa injin harbinsa yana kaiwa ƙarfin doki 20,800 a ƙololuwar aiki. Tifar Howo da ke kawo mana yashi ƙarfin doki 371 ne. Wato tifa hamsin da wani abu ke nan, duka suna jan igiya ɗaya a lokaci guda. Da wannan yake kaiwa kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa 3.5, ya haye hasumiya mai mita 139 a tsaye cak. Hasumiyar Gobarau tamu wajen mita 15 ce. A ɗora tara a kan juna.

Wani lokaci jirgin irin wannan lilo ba ya iya haye ƙololuwar. Iska ta yi yawa, ko sanyi ya sa tayoyi nauyi, sai ya kai kusa da sama ya tsaya, ya dawo da baya. An san da hakan tun wajen zane. A kan layin harbin akwai jerin faifan ƙarfe da ke nutsewa ƙasa daf da tashi, da zarar jirgi ya wuce su taso. A jikin jirgin kuma akwai maganaɗisu masu ƙarfi. In faifan ya ratsa tsakanin maganaɗisun, sai wata wutar lantarki ta taso cikin ƙarfen tana turje wa motsin, gudu ya ragu ba tare da wani abu ya goga wani ba. Babu takalmin birki da zai cinye. Tayoyin ma kashi uku ne: na sama da ke ɗauke da nauyi, na gefe, da na ƙasa da ke riƙe dogo don kada tarago ya tashi.

Na farkon irin wannan lilo shi ne Xcelerator a Kalifoniya, 2002. Sai Top Thrill Dragster a Ohayo, 2003, mai mita 128. Abin da ke mini ciwo shi ne zamaninsu yana shuɗewa. Kula da su akwai wahala da tsada: igiya tana gajiya, har ta Xcelerator ta taɓa tsinkewa a 2009 ana tsaka da harbi, ga bawul da tiyo da tace mai da ba su ƙarewa. An mayar da Top Thrill Dragster ya koma amfani da harbin maganaɗisu a 2024. Kingda Ka an rufe shi a ƙarshen wannan shekarar, aka rushe shi a farkon 2025. Na ga bidiyon faɗuwar hasumiyar, raina bai yi mini daɗi ba. Na fahimci dalilin masu shi, maganaɗisu ba ya yoyo kuma ba shi da igiyar da za ta tsinke. Amma a wajena babu injin da ya nuna iyakar abin da mai da iska za su iya kamar wannan.

Abin da na fi tunawa da shi a gida kuwa shi ne rairayi. Abu Dabi hamada ce, ga zafi ga ƙura, amma injin nan yana harbi sau da yawa a kowace rana, domin ba a barin ƙura ta shiga mai. Mu nan da hunturu ya kama, ƙura ke cin rabin famfunan da ake kawo mana. Makon jiya wani mai tifa ya kawo jak ba ya ɗagawa. Na buɗe tanki na tarar an haɗa man haidirolik da baƙin mai, murfin ya ɓace an toshe da leda, filta kuma tun da aka sayi motar ba a canja ba. Ya ce in dai sa sabon sil ya tafi. Na ce, "Alhaji, sil ɗin ba zai kai wata ba," na ƙi, sai da ya yarda muka wanke tankin gaba ɗaya.

Shi yaron da ya kawo bidiyon, shi na sa ya kwance akumuletar wata katafila jiya da safe. Ya ɗauki sifana zai fara, sai ya dakata, ya koma ya kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, ya yi ta motsa liba gaba da baya har matsin da ke ciki ya sauka duka. Sannan ya ɗago ya ce, "Maigida, irin wannan ce a ɗakin can na Abu Dabi?" Na ce irinta ce, girma kawai ya bambanta. Ya daɗe yana juya ta a hannu kafin ya ajiye ta kan tsumma mai tsabta.