Ranar da na fara rufe littafi

A shekarata ta ƙarshe a sakandare, babu babin da ban karanta sau huɗu ko biyar ba a littafin ilmin halittu. Na ja layi a ƙarƙashin kusan kowace jimla, har na san a wane gefen shafi hoton zuciya yake. Ranar jarrabawar gwaji aka ce mu bayyana yadda jini ke zagaya jiki. Ga hoton nan a idona, ja da shuɗi, amma alƙalami ya ƙi motsi. Na rasa daga wane ɗakin zuciya jini ke fita zuwa huhu.

Da malamarmu ta miƙo mini takardata, sai ta ce, "Ɗana, idonka ne ya saba da shafin, kanka bai riƙe shi ba. Gobe ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka tuna."

Washegari layi uku kawai na iya rubutawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a tunanina na gama babin tuntuni. Na buɗe, na ga inda na yi tuntuɓe, na sake rufewa. Akwai wahala, kuma wahalar ce ke sa ɗalibai da yawa gudun wannan hanyar su koma maimaita karatu, wanda ke kwantar da hankali alhali bai zauna ba.

Sai daga baya na san masana sun auna wannan. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya sannan suka yi ta rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juya: masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, masu maimaitawar ne suka fi tabbacin za su tuna.

Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo. Shi ya sa na daina tara babi goma zuwa daren jarrabawa. Abin da aka koyar yau nakan gwada kaina a kai da yamma, in sake bayan kwana uku, in sake bayan mako. Kwana karatu kuwa na bar shi, barci ma yana cikin aikin.

Da na shiga jami'a babu mai duba littafina, babu mai tambayar ko na yi bita. Malami zai gama babi biyu cikin sa'a ɗaya ya fita. Da na koma ɗaki, kafin in taɓa littafi, farar takardar nake fara ɗaukowa.