Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar da Muka Yi Paparoma Uku

Makon jiya mun rabu a inda na shiga aji biyar a watan Satumba na 1978. Wasu sun tambaye ni yadda aka yi nake cewa makarantar Katolika na yi, alhali a lokacin gwamnati ta riga ta karɓe makarantun mishan. Haka ne, tun farkon shekarun 1970 aka karɓe su, allon bakin hanya ma L.E.A. aka rubuta a jikinsa. To amma allon ne kawai ya sauya. Duk garin, daga mahauci har ma'aikatan tashar jirgin ƙasa, R.C.M. suke ce mata, wato mishan ɗin Katolika, ko kuma makarantar Fada. Babu katanga tsakaninta da coci. Guntun ƙarfen dogo guda ɗaya ne rataye a jikin mangwaro, shi ake bugawa a shiga aji, shi ake bugawa a tafi sujada. Malamanmu kuwa yawancinsu kwalejojin horon malamai na mishan suka yi, albashi na gwamnati ne amma tarbiyyar ta Fada ce.

Garinmu yana kan layin dogon da ya tashi daga Kaduna zuwa Kafanchan, saboda haka ajinmu tarkace ne: Bajju, Atyap, Ham, 'ya'yan Fulanin ruga, Hausawan bakin kasuwa, da 'ya'yan Ibo da iyayensu suka dawo bayan yaƙi. Kowa da yarensa a gida, amma da an fito fili Hausa ce ke haɗa mu. Da ita muke faɗa, da ita muke addu'a. Shirin ilimi kyauta na 1976 ya cika makarantar maƙil, har 'yan aji ɗaya da biyu a gindin bishiya suke zama, kowa da ɗan kujerarsa da ya ɗauko a ka daga gida.

Makonmu a tsare yake, ba ya tashi. Litinin da safe a asambili a duba farce da kai, sannan Hedimasta ya nuna yaro da tsinin bulala ya ce, "Kai, me aka karanta a Bishara jiya?" Wanda ya tsaya susar ƙeya an san inda ya yini ranar Lahadi. Kullum sha biyun rana a buga ƙarfen nan, duk abin da ake yi a dakata, a miƙe a yi addu'ar Mala'ikan Ubangiji, ko da malami yana tsakiyar lissafi ne alli a hannu. Laraba bayan an tashi, masu shirin fara karɓar Jibi Mai Tsarki, wato gurasar da Fada ke bayarwa a sujada, su tsaya wa Katikis: shi tambaya, mu amsa, baki ɗaya, har sai ta zauna. Juma'ar farko ta kowane wata a jera mu biyu-biyu zuwa coci. 'Yan'uwanmu Musulmi ba a tilasta musu ko ɗaya cikin waɗannan. Lokacin darasin addini suna da malaminsu na Arabiyya, ranar Juma'a kuma da wuri ake tashin makaranta don kada su rasa masallaci. Abokina na kusa a ajin ɗan mahauci ne, ya haddace "A gaishe ki Maryamu" tsabar ji, ni kuma na iya Fatiha daga bakinsa, ba wanda iyayensa suka ɗaga hankali.

Haddar katikisim ɗin nan, har yau ra'ayina biyu ne a kanta. Ta zauna mini daram, ko a barci aka tashe ni zan kawo amsa. Amma da bulala ta shiga, kuma akwai waɗanda bulalar ce kaɗai suke tunawa. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da nake son ba ku yau shi ne labarun Juma'a.

Hedimasta yana da wani littafi mai bango mai kauri, shuɗi, wanda ba ya barin kowa ya taɓa sai mai karatun ranar. Tun daga Litinin 'yan aji biyar da shida suke kai masa labari a rubuce a 'yar takarda. Shi zai tace, ya kwafe wanda ya gamsu da shi cikin littafin da jan biro da shuɗi, ranar Juma'a da safe ɗalibi ɗaya ya hau kan benci ya karanta wa makaranta duka, da Turanci tukuna, sannan da Hausa. Kashi uku ake yi. Na farko labarin ƙasa da na duniya, daga Rediyon Kaduna, da sashen Hausa na BBC, da Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda kan iso mana ta jirgi bayan ta kwana biyu. Na biyu labarin coci: bikin waliyyin da ke tafe, ranar da Fada zai zagaya ƙauyuka, wa aka yi wa baftisma, abin da Akbishop Peter Jatau ya aiko daga Kaduna a karanta, domin a lokacin yankinmu duk a ƙarƙashin Kaduna yake, sai 1995 Kafanchan ta samu nata bishop. Na uku shi muka fi so, labarin gari: kuɗin buhun citta a kasuwa, gadar da ruwa ya cinye, akuyar wa ta shiga gonar makaranta, mahaifiyar wa ke kwance a asibiti. Duk sunan da aka ambata cikin marasa lafiya ko mamata, a nan take za a yi masa addu'a kafin a watse, ba a tambayar ko wane addini yake bi.

Kai wa Hedimasta labari ba wasa ba ne. Zai sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube ka.

"Wa ya gaya maka?"

"Sa, an ce…"

"An-ce ba shi da gida a garin nan. Koma ka nemo mini mai suna."

In ka ce Baba ne, zai ce shi Baban gani ya yi ko ji ya yi? In ji ya yi, a ina? Yara da yawa sun daina kai labari saboda wannan titsiye. Ni kuwa na samu gata, don Baba yana da rediyo mai batir huɗu da yake rufewa da ɗan kyalle, kuma ba ya kwanciya sai ya ji labaran duniya. Nakan zauna a bakin tabarmarsa da fensir.

Da muka dawo hutu a Satumban nan labarai sun taru. Ranar 6 ga Agusta Paparoma Bulus na 6 ya rasu bayan shekara 15 yana jagorancin Ikilisiya, ranar 26 ga watan kuma aka zaɓi sabo, ɗan Italiya, ya haɗa sunayen magabatansa biyu ya zama Yohanna Bulus na 1. Fada, wani dogon Bature ɗan Ailan daga cikin limaman ƙungiyar mishan ta S.M.A., ya yanko hotonsa daga wata mujalla aka manna a allon sanarwa da ƙaya. Mutum ne mai tabarau, yana dariya har haƙora a waje. Mun saba ganin manyan coci a hoto fuska a ɗaure, shi ya sa 'yan ƙananan aji suka riƙa zuwa kallonsa lokacin tara. Mako na gaba labarin ƙasa ya danne komai, don ranar 21 ga Satumba gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗage haramcin siyasa, malamai suka riƙa taruwa a gindin mangwaro suna ƙus-ƙus. Ga kuma sabon taken ƙasa da aka sauya a shekarar, muna ta fama da shi tare da maci saboda bikin 1 ga Oktoba.

Ranar Juma'a 29 ga Satumba, wata 'yar aji shida ce a kan benci. Ta gama labarin ƙasa ke nan sai muka hango Fada ya ratso filin ƙwallo cikin farar rigarsa, raɓa ta jiƙa bakinta, yana sauri ba kamar yadda ya saba ba. Bai gaishe mu da "Sannunku yarana" ba. Ya je ya yi wa Hedimasta magana a kunne. Hedimasta ya cire tabarau, ya sa hannu ya karɓi littafin daga wurin yarinyar ya rufe.

"Yara, Paparoma ya rasu."

Ba wanda ya motsa. Can sai guna-guni ya tashi daga layin baya. Wani yaro a ajinmu, ɗan wani mai gyaran keke, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ɗaga hannu.

"Sa, ai wannan tsohon labari ne. An karanta mana."

"Ba wancan ba. Sabon."

Yaron bai sauke hannu ba. "Sa, wa ya gaya maka?"

Malaman da ke tsaye a gefe suka dubi juna. Mu dai mun riga mun sadaƙar, yau mai gyaran keke zai karɓi ɗansa a kwance. Hedimasta ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ya ce, "Fada, yaro ya yi tambaya." Fada ya matso gaban layi, da Hausarsa mai lanƙwasa ya ce shi da kunnensa ya ji da safen nan a BBC, bai yarda ba, ya murɗa zuwa rediyon Vatican ya sake ji. An tarar da shi a kan gadonsa da asuba, ya cika cikin dare. Kwanansa 33 a kan kujera, shekararsa 65 a duniya. Hedimasta ya buɗe littafin a gabanmu, ya rubuta labarin a tsaye, ya rubuta inda aka ji shi a ƙasa, ya miƙa wa yarinyar ta karanta. Sai da ta karanta muka durƙusa a kan ciyawa.

Da na kai labarin gida, Kaka tana bakin murhu tana tuƙa tuwon acca. Ba ta daɗe da yin baftisma ba, kuma ba ta taɓa barin tunaninta na dā gaba ɗaya ba. Ta saurare ni har na gama, ta buga muciya a bakin tukunya.

"Angona, sarkin da aka naɗa bai ga wata biyu ba? Hannu aka sa masa. Wa ya nema tare da shi bai samu ba?"

"Kaka, ba a nema. Zaɓe ake yi, Ruhu Mai Tsarki ne ke bi da su."

"To. Ko a gidan sarkinmu haka suke cewa."

Baba ya yi gyaran murya daga zaure ya ce, "Inna, a bar zancen nan." Ashe ba Kaka kaɗai ba ce, rabin matan ƙungiyar Zumunta ta coci haka suka fassara abin, har sai da Katikis ya tsaya ranar Lahadi bayan an karɓi baikon coci ya ce ciwon zuciya aka sanar, kowa ya kama bakinsa. Da na girma na tarar Turawa ma sun yi ta irin wannan raɗe-raɗin, na ce ashe Kaka ba ta yi ƙauyanci ba.

Oktoba watan Rosari ne, kowace yamma ana taruwa a gaban gunkin Maryamu da ke gefen coci, yara a gaba, iyaye mata a baya da goyo. A shekarar Fada ya ce duk addu'ar watan a yi ta ne saboda masu zaɓe. Ya zo ajinmu da kansa ya zana mana a allo yadda abin yake: manyan limaman da ake kira kadinal su 111 a kulle cikin fadar Vatican, suna zaɓe a majami'ar Sistine, ba mai fita, ba mai aika saƙo, kowa ya rubuta suna a takarda, in ba wanda ya samu kashi biyu cikin uku da ƙarin ƙuri'a ɗaya sai a ƙone takardun hayaƙi ya fito baƙi, in an samu ya fito fari. Ya ce har da ɗan Najeriya a cikinsu, Kadinal Dominic Ekandem na Ikot Ekpene, wanda ya samu jar hula a 1976, na farko a ƙasar nan. Nan fa aji ya ɗauki zafi. Muka ce to me zai hana a zaɓe shi? Fada ya yi dariya ya ce ba abin da zai hana, amma fiye da shekara 450 ke nan ba a fita daga Italiya ba, kada mu sa rai da yawa. Duk da haka kwana biyun nan duk hayaƙin da ya tashi daga kicin ɗin gidan Fada sai wani ya yi ihu, "Fari ne!"

Daren Litinin 16 ga Oktoba ina bakin tabarmar Baba aka faɗa. Ba ɗan Italiya ba ne. Ɗan Poland ne, daga birnin Krakow, shekararsa 58, ya ɗauki sunan wanda ya rasu ya zama Yohanna Bulus na 2. Sunansa na yanka kuwa, Karol Wojtyla, ni da Baba muka yi ta juya shi a baki ya ƙi juyuwa, na rubuta yadda kunnena ya ba ni. Da sassafe na riga kowa zuwa ƙofar ofis.

"Wa ya gaya maka?"

"Sa, da kunnena na ji, a rediyon Baba, sashen Hausa na BBC."

Ya karɓi takardar, ya gyara rubutun sunan da jan biro bayan ya aika an tambayo Fada, ya ce, "Kai za ka hau benci ran Juma'a." A darasin labarin ƙasa na ranar aka ɗauko taswirar duniya da ɓera ya ci gefenta, muka yi ta lalube kafin a gano Poland a maƙale tsakanin Jamus ta Gabas da Tarayyar Sobiyet. Malaminmu ya ce ƙasa ce ta 'yan gurguzu, inda gwamnati ba ta son coci, amma mutanen sun ƙi bari. Ba wanda ya kawo a ransa cewa mutumin nan zai tsaya a filin Murtala a Kaduna a watan Fabrairun 1982 ya naɗa limamai, mu kuma mu kwana a jirgin ƙasa don mu gan shi. Za mu zo wurin.

Ranar Juma'ar Mama ta wanke mini kaki ta goge da dutsen guga na gawayi har ya yi ƙyalli. Na hau benci gwiwa na rawa, na karanta na ƙasa, na karanta na coci, sunan nan mai wuya ya wuce lafiya. Da na zo labarin gari, abu na farko da Hedimasta ya rubuta shi ne an kama akuya a gonar gyaɗar makaranta, mai ita ya zo da sule biyar ya karɓa. Tun kafin in kai ƙarshen layin makarantar ta fashe da dariya, don kowa ya san jar akuyar Kaka mai karyayyen ƙaho.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin jarrabawar Katikis da farin yadin da Baba ya ciwo bashi saboda ranar Jibina na farko.