"Ina zuwa" na tela da "ina zuwa" na Wahayi

Ni tela ne, don haka ba wanda zai koya mini yadda "gobe" take miƙewa kamar roba. A shagona nan Sabon Garin Maraɗi, in Kirsimeti ta matso ko sallar maƙwabtanmu, na sha ce wa mutum ya dawo gobe alhali ko almakashi ban sa wa yadinsa ba. Allah dai ya yafe mana.

Ranar Laraba ɗan ƙanwata da ke koyon ɗinki a wurina ya shigo da waya a hannu, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Wani mai wa'azi ne a WhatsApp ya haɗa yaƙe-yaƙe da tsadar hatsi da lissafin littafin Daniyel, ya ce Almasihu zai dawo kafin shekarar nan ta fita. Na ce ya ajiye wayar ya riƙe mini bakin yadi. Sai ya ce, "Kawu, ai Littafin ne ya ce ina zuwa da wuri. Ko dai lokacin ya yi, ko kuwa shekara kusan 2,000 ke nan muna jiran gobe irin taka."

Na yi dariya, amma maganar ta soke ni.

Masu lissafi ba yau suka fara ba. William Miller, wani manomi a Amurka, ya ɗauki kwana 2,300 da aka ambata a Daniyel 8:14, ya mai da kowace rana shekara, ya fara ƙirga daga 457 kafin haihuwar Almasihu. Mabiyansa suka tsai da 22 ga Oktoba 1844, wasu har suka bar amfanin gona bai girbu ba. Gari ya waye kamar kullum. Bayan an kafa ƙasar Isra'ila a 1948, wasu suka ce Almasihu zai dawo kafin tsarar da ta ga haka ta shuɗe, tsara ɗaya kuwa shekara 40 ce, don haka 1988. Harold Camping mai gidan rediyo ya sa 21 ga Mayu 2011, da ranar ta wuce ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba, kamar yadda nake ɗaga wa mai riga. Ya rasu a 2013.

Waɗannan ba su da wuyar amsawa, Matiyu 24:36 ta ishe su: ranar nan da sa'ar ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uba. Abin da ya fi damuna shi ne amsar da mu kanmu muke ba yara a majami'a. Da yaro ya yi tambaya sai a jefa masa 2 Bitrus 3:8, rana ɗaya kamar shekara dubu ce a wurin Ubangiji, a rufe bakinsa. Mun mai da ayar teburin 'yan canji na bakin tasha, sefa kaza naira kaza. Amma ayar ta tafi ta dawo: rana ɗaya kamar shekara dubu, shekara dubu kuma kamar rana ɗaya. Wane ɗan canji ne zai yi ciniki haka? Bitrus haƙurin Allah yake bayyanawa, aya ta 9 ta faɗa sarai, ba ya so kowa ya hallaka.

Ni abin da na gane, kalmomin lokacin nan ba yadi ɗaya ba ne, kowace da inda aka yanko ta. Ɗauki "wannan tsara ba za ta shuɗe ba" ta Matiyu 24:34. Surar ta fara da almajirai suna nuna wa Yesu ginin Haikalin Urushalima, ya ce ba dutsen da za a bari kan wani. Suka yi tambaya biyu a baki ɗaya: yaushe wannan zai faru, mece ce kuma alamar zuwanka? A shekara ta 70 sojojin Roma ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin, wato wajen shekara 40 bayan maganar, da yawa daga waɗanda suka ji ta da kunnensu suna da rai. A nan tsara tsara ce, ba sai an ja ta ba. Aya biyu gaba sai Yesu ya koma kan "waccan rana", ya ce ita ba a ba kowa saninta ba.

Ta littafin Wahayi 22:20, "ina zuwa da wuri" ɗin da yaron ya ambata, ta fi santsi. Fastonmu, wanda ya taɓa Helenanci a makarantar Littafi Mai Tsarki, ya ce kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu da mu Hausawa muka raba: da wuri, da kuma da sauri. Kowane ɗan Maraɗi ya san bambancin. Damina kan makara har a fara cire rai, amma ranar da hadari ya taso daga gabas, kafin ka kwashe shanya ƙura ta rufe gari. Bai zo da wuri ba, ya zo da sauri. Sai dai ba zan ɓuya bayan wannan kaɗai ba, domin Wahayi 1:3 ta ce lokaci ya yi kusa, kuma ikilisiyoyi bakwai na gaske aka rubuta wa, daga Afisa zuwa Lawudikiya, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. An ce wa Daniyel ya hatimce littafinsa don abin da sauran nisa, shi kuwa Yohanna, marubucin Wahayi, a 22:10 aka ce kada ya hatimce. Wani sashe na abin da ya gani a bakin ƙofarsu yake, tsanantawar Roma suke ciki.

Mahaifinmu, a ƙauyenmu wajen Madarunfa, in ya ga shamuwa ta sauka kan bishiya sai ya fiddo iri, wata shekarar ma ya yi binne tun ƙasa na busasshiya. Ban taɓa jin ya ce ruwa zai sauka ranar Talata ba. Shamuwa lokaci take nunawa, ba ta ba da rana. Misalin itacen ɓaure a Matiyu 24:32, wanda in ya yi toho an san damina ta kusa, haka nake jin sa.

Akwai kuma abin da harshenmu ya sani wanda ban ji masu bidiyo sun kula ba. Bahaushe in ya ce "ina zuwa", tashi yake zai fita, ya bar maka kayansa ka kula. Markus 13:34 ke nan: mai gida ya yi tafiya, ya ba kowane bawa aikinsa, ya ce wa mai gadi ya zauna a faɗake.

Duk wannan ina faɗa ina taka keke, zare baƙi ya ƙare. Na ba yaron rigar da za a sa wa maɓalli, na ɗauki hulata na ce, "Ina zuwa."

Ya ce, "Kawu, na tela ko na Wahayi?"

A kasuwa na haɗu da wani tsohon aboki, hira ta ja mu har la'asar. Da na dawo na tarar ya sa maɓalli uku cikin biyar, ya kife kai kan teburin yanka yana barci, mai wa'azin kuma yana ta ƙirga cikin wayar.