Asabar a gidan yaƙi na Hermitage

Tun da sassafe muka bar Edinbura, babban birnin Scotland, ni da abokin karatuna a motarsa, za mu ga tsohon gidan yaƙi na Hermitage. Daga garin Hawick hanya ta ƙanƙance, ba ka ganin komai sai tumaki da tuddai marasa itace, har muka shiga kwarin Liddesdale, dab da iyakar Ingila. Ginin na tsaye shi kaɗai a bakin rafi, dutse zalla, babu rufi, tagoginsa 'yan mitsi-mitsi. Kana ganinsa ka san ba don jin daɗi aka gina shi ba. A da, kwarin nan ya yi ɗaruruwan shekaru a hannun ɓarayin shanu masu kai hari ta ɓangarorin iyakar biyu.

Abokina labarin fatalwa ya kawo shi. Mutanen yankin suna cewa William de Soulis, wanda danginsa suka fara gina wurin wajen 1240, matsafi ne mai aljani da jar hula, har talakawansa suka naɗe shi da dalma suka dafa shi a wani tudu da ke kusa mai suna Ninestane Rig. Tarihi kuwa ya nuna an kama shi a 1320 da laifin ƙulla wa Sarki Robert Bruce makirci, ya mutu a tsare a Dumbarton.

Ni abin da ya tsaya min a rai ramin kurkukun ne. Na leƙa, duhu da sanyi, ko kafar iska babu. A 1342 Sir William Douglas ya kama Sir Alexander Ramsay a Hawick, don kawai sarkin lokacin, David II, ya ba Ramsay hakimcin yankin Teviotdale da Douglas ke ganin nasa ne. Mutanen nan biyu tare suka yaƙi Ingilawa. Douglas ya kawo Ramsay nan ya hana shi abinci har rai ya yi halinsa. Ana cewa ya yi kwana 17 yana tsintar ƙwayoyin hatsi da ke zubowa daga rumbun da ke samansa. Na daɗe a tsaye ina tunanin mutum yana lalube a ƙasa cikin duhu, ga rumbu cike a bisa kansa. Wallahi tsigar jikina ta tashi, kuma ba tsoron aljani ba ne.

Mun yi maganar Sarauniya Mary ta Scotland kaɗan, wadda a Oktoban 1566 ta hawo doki daga garin Jedburgh zuwa nan, wajen mil 25, don duba Bothwell, basaraken da ke riƙe da wurin a lokacin, da ya ji rauni, ta koma a ranar, sannan ciwo ya kwantar da ita har ta kusa rasuwa.

Da daddare na kira Inna na ba ta labari. Ta ce, "Ka dai yi addu'a kafin ka shiga ko?" Na ce na yi, Inna. Da na zo kan Ramsay sai ta yi shiru, can ta tambaye ni ko yana da 'ya'ya.