Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Duron Ƙura

A makon jiya na tsaya a inda injin samfefa mai ganga ya shigo shagon Kawu, Allah Ya ji ƙansa. Kafin zuwansa ƙurar da muka sani ita ce ta zarto da ta injin fere katako, wadda take zuba ƙasa a share da tsintsiya. Wannan kuwa tasa daban ce. Ganga ce ta ƙarfe da ake naɗe ta da doguwar samfefa a karkace, tana juyawa a sama, bel yana jan katako a ƙarƙashinta. Abin da take fitarwa ba ya faɗuwa, a iska yake tsayawa. Sai ka kashe injin ka fita ka dawo, ka tarar hasken da ke shigowa ta taga ya yi fari fat.

"Kafintan da ba ya tari bai fara aiki ba." Maganar Kawu ke nan duk sanda na rufe hanci da ƙyalle. Da dariya yake faɗa, Yaya kuma ya karɓe ya ƙara gishiri, yaran shago su kwashe da shewa. Har yau maganar nan tana ci mini rai, don na ga inda tarin ya kai shi.

Daga baya, bayan an yi shekaru, na karanta cewa tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta kogon hanci. A Ingila doka ba ta yarda ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a kowace kubik mita ta iska ba a yinin aiki. Kaurin gashin mutum wajen maikiron 70 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ƙurar da ke shiga ƙirji kuwa ba ta kai 10 ba, ido ba ya kama ta. Da na san wannan a lokacin da na faɗa wa Kawu. Ko zai saurara, wannan kuma wata magana ce.

To, duron da na haɗa don tara ƙurar nan. Akwai wata tsohuwar fankar zuƙe ƙura mai buhu a bayan shago, an yi watsi da ita saboda buhun yana cika nan da nan, kuma saƙarsa ba ta riƙe komai sai manyan ɓarɓashi, mai laushin ta huda ta dawo mana. Na ce wa Kawu ya ba ni ita. Ya ce, "Ɗauka, yaro, amma kada ka taɓa mini katakon aiki." Da guntayen filawud na yi komai.

Dabarar ba tawa ba ce, ta wani Ba'amurke ce, Phil Thien, kuma ban taɓa ɓoye haka ba. Duro na ƙarfe na samu, don na roba mai laushi lotsewa yake idan bututu ya toshe. Na yanka murfi, na huda shi biyu: ɗaya a tsakiya inda fanka ke jan iska, ɗaya a gefe inda ƙura ke shigowa ta gwiwar bututu da na karkata ta bi jikin duro. A ƙarƙashin murfin na rataye wani faifai da dogayen kusoshi masu noti. Faifan nan shi ne sirrin. Ana rage bakinsa da kamar inci ɗaya da 'yan kai a kashi biyu cikin uku na zagayensa, wato digiri 240, a bar sauran 120 ɗin a cike daidai inda iska ke faɗowa. Iska ta shigo tana zagaye, nauyin ƙura ya jefa ta jikin duro, ta zurare ta tsagar nan ta faɗa ƙasa, faifan kuma ya hana guguwar sake kwaso ta. Bakin murfin na bi shi da robar tsohon tayar keke, don ko ƙaramar kafa ce iska ta samu, duk abin da ke cikin duron sai ya tashi ya koma fanka.

Yaya yana tsaye a kaina yana cewa, "Kai dai ka iya ɓata lokaci, da ka ɗauki tsintsiya da tuni ka gama." Ban tanka masa ba, yayana ne.

Bututun ma sai da muka yi ja-in-ja. Shi siririn tiyo yake so a ja daga lungu zuwa lungu, ni na kafe a kan inci 4, gajere, ba lanƙwasa mai kaifi. Ƙura ba ta tafiya a bututu sai iska na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, in ta gaza haka kwanciya take ta toshe hanya, kuma kowace gwiwa da kowane taku na tiyo mai gargada cin ƙarfin fanka yake. Da ina da hali a lokacin inci 6 zan sa, don faɗin bakinsa ya ninka na 4 har da ƙari. Mai laushin da faifan bai kama ba kuwa, na huda bango na fitar da ita waje, ta bayan da ba kowa. Sai da na buɗe nawa wajen na sa mataci mai riƙe maikiron 1, kuma ko da shi ban daina sa takunkumi ba.

Abin da ya sa Kawu ya fara kallon duron da mutunci ba ƙirjinsa ba ne, katakonsa ne. Akwai wani saman tebur da aka haɗa da gam, Yaya ya murɗa ganga ƙasa sosai don ya gama da wuri. Injin nan ba na fere ba ne, abin da yake ci a wucewa ɗaya bai kai rabin milimita ba. Ya kuma fara da samfefa mai laushi lamba 120 alhali katakon mai kaushi lamba 80 yake so, ga busasshen gam bai kankare ba. Samfefa ta cushe, ta yi zafi, ta saki, baki ya hau baki, sai ga baƙin layi tun daga farko har ƙarshe, shago ya cika da ƙauri. Ni na gyara shi. Na ɗaure sabuwar samfefa da 'yar tazara tsakanin naɗi da naɗi, na sauke ganga har ta soma shafar katako kawai, na riƙa tura shi a ɗan karkace, ina goge gangar da sandar roba, fanka na ja. Da ƙura ba ta zama tsakanin ganga da katako, samfefa ɗaya sai ta yi aikin da a da biyu ba sa yi. Kawu ya shafa teburin da tafin hannu ya ce, "Yaron nan, ashe duron naka yana da rana." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma na riƙe shi.

Amma maganar tarin bai bar ta ba. Ko a shekarun da numfashi ya fara yi masa wuya, yana zaune a ƙofa ba ya iya shiga ciki, in sabon yaro ya sa takunkumi sai ya ce masa kafintan da ba ya tari bai fara aiki ba. Inna ta sha roƙonsa ya daina. Ni ban taɓa cewa ƙura kaɗai ce ta kai shi ba, kwana ne ya ƙare, amma shekarun da ya yi yana shaƙarta ba a banza suka wuce ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yanzu Yaya yana nuna wa baƙi duron nan yana cewa shi ya ƙera shi. Faifan da ke ciki har yau da alamar fensirina a kai, da tsagar da na yanka da ƙaramin zarto. Duk wanda ke shakka ya ɗaga murfin ya duba. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda aka yi da injin mai ganga wajen rabon kayan Kawu, da dalilin da ya sa na fita daga shagon ba tare da shi ba.