Wasiƙa daga Durham: a nan ɗan wasa ne ke hawa, ƙungiya tana nan inda take

Assalamu alaikum jama'ar gida, manya da ƙanana. Ina gaishe ku daga garin Durham na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da rashinmu.

Na daɗe ina son in ba ku labarin wata kakar wasa da na bi tun daga farkonta har ƙarshenta, ta shekarar 2022. Wasan besbol ne, wanda yawancinmu ba mu taso da shi ba. Wani maƙwabcina dattijo, wanda tun yana yaro yake zuwa kallo, shi ya matsa mini sai na bi shi. A watan Afrilu ne, muna cikin azumi. A kan kujerar filin na sha ruwa ran nan, da ruwan gora da soyayyiyar gyaɗa mai ɓawo, domin su ma gyaɗa ce abin taunawarsu a wurin kallo, sai ka ga ɓawo ya rufe ƙasa kamar a tashar mota.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Mutum tara ne a kowane ɓangare. Mai jifa ya wurgo ƙwallo da ƙarfin tsiya, mai gora ya yi ƙoƙarin dukanta. In ya same ta, sai ya ruga ya zagaya tashoshi uku ya dawo inda ya taso, shi ne ci ɗaya. In ya yi mata dukan da ta tsallake katanga, to ya zagaya a natse, babu mai tare shi. Zagaye tara ake yi. A filin Durham, wanda aka buɗe a 1995 kuma yake ɗaukar mutum kusan 10,000, akwai hoton wani ƙaton bijimi a saman katangar hagu. Duk sanda ɗan gida ya tsallakar da ƙwallo, sai idanun bijimin su yi ja, hayaƙi ya riƙa fita ta hancinsa, yara su yi ta ihu. Sunan ƙungiyar ke nan, Durham Bulls, wato bijiman Durham.

Wannan duk ado ne. Abin da ya tsaya mini a rai tsarin gasar ne, kuma sai a watan Yuli na fahimce shi sosai, lokacin da saƙonni suka yi ta shigo mini daga Kano cewa Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa. Na kwana da baƙin ciki kamar kowane mai cewa Sai Masu Gida. Kashegari na tambayi dattijon nan, na ce to idan Bulls ta ci kofi bana, za ta hau babbar gasa ke nan? Ya girgiza kai ya ce ko sau goma ta ci, tana nan inda take. Ko ta zo ta ƙarshe ma babu inda za ta faɗa.

Abin da ya sa, kowace ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi 30 na babbar gasar Amurka tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinta, hawa-hawa, ban da na 'yan koyo. Jimilla 120 ke nan, bayan an zaftare su daga 160 kafin kakar 2021, abin da ya raba garuruwa da dama da matsayin da suka daɗe da shi. Durham tana hawa na ƙoli, wanda suke kira Triple-A, kuma tun 1998 tana ƙarƙashin Tampa Bay Rays ta jihar Fulorida. Rays ce ke ɗaukar 'yan wasan, ita ke biyansu, ita ke naɗa mai horarwa. Ran da ta ga dama sai ta bugo waya ta ce a turo mata wane, ko da kuwa shi ne ginshiƙin ƙungiyar, ko da ana tsakiyar neman kofi. Ku kwatanta da makiyayin da aka ba kiwo: duk bijimin da ya yi ƙiba, mai dukiya zai aiko a kora masa shi, a kawo wani maraƙin a madadinsa.

Na ga haka da idona a kan wani matashi ɗan ƙasar Meziko, Jonathan Aranda. Gajere ne kakkaura, ba shi da gudu, amma gorarsa ba ta cika kuskure ba. A watan Yuni aka kira shi sama. Na ɗauka mutanen gari za su yi fushi, sai na tarar murna suke yi, kamar an yi wa ɗansu sarauta. Bai daɗe ba aka dawo da shi, daga baya aka sake kiran sa. Duk da wannan kai-komo, shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan shekarar a gasar da Durham ke bugawa. Wannan jeka-ka-dawo ya yi yawa a baya har sai da aka sa doka a 2022 cewa ba za a sauko da mutum fiye da sau biyar a kaka ɗaya ba. Ku yi tunanin mai mata da ƙaramin yaro, wanda bai san a garin da zai kwana jibi ba.

Kakar kuma doguwa ce ƙwarai. Wasa 150 daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Daga Talata zuwa Lahadi ana fafatawa da abokin hamayya ɗaya, kwana shida a jere, Litinin a huta ko a kama hanya: Norfolk, Charlotte, Jacksonville, Memphis. Mu da muka saba jiran wasa ɗaya a mako, abin da mamaki. Zafin Yuli da Agusta a nan mai gumi ne, irin na gab da saukar ruwa, rigarka ta manne a jiki tun kafin a fara. Na ƙananan hawa kuwa, rabin rayuwarsu a cikin bas take. A shekarar ne kuma aka tsaurara agogon da ke ƙayyade wa mai jifa daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya saki ƙwallo, wasanni suka ragu da kusan minti 25, kuma da aka ga ya yi kyau sai babbar gasa ta ɗauka a 2023. Komai a kansu ake fara gwada shi.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Da farko na zaci duk wanda na gani sanye da rigar ƙungiya a Amurka ya gama da talauci. Ashe ba haka ba ne. A wannan kakar, mafi ƙarancin albashin ɗan Triple-A dala 700 ne a mako, na hawan ƙasa dala 500, kuma a watannin wasa kaɗai ake biya. Na san wani zai buga lissafi da naira ya ce ai wannan arziki ne. Ɗan'uwa, a garin nan kuɗin hayar ɗaki na wata ɗaya ya fi albashin makon nan nesa ba kusa ba. Kafin 2021 ma abin bai kai haka ba, na ƙasa dala 290 yake karɓa a mako. Samari biyar ko shida su haɗu a gida ɗaya, wasu a katifar iska, in kaka ta ƙare su bazama neman aikin hannu ko tuƙi kafin bazara ta zagayo. A 2018 har doka majalisar ƙasar ta yi wadda ta cire su daga cikin masu haƙƙin kuɗin aikin ƙarin lokaci. A 2020 kuma annobar korona ta sa aka soke kakar ƙananan gasannin gaba ɗaya.

Allah da ikonsa, a shekarar da na fara zuwa kallo ne abubuwa suka juya. Tun daga farkon kakar aka wajabta wa manyan ƙungiyoyi su samar wa mafi yawan yaran nan masauki. A watan Yuli aka sanar da sulhu a wata shari'a da tsofaffin 'yan wasa suka shigar tun 2014 kan ƙarancin albashi, hukumar babbar gasa ta amince ta biya dala miliyan 185. A watan Satumba kuma, dubban 'yan ƙananan gasanni suka sa hannu suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta manyan 'yan wasa, karo na farko a tarihin da ya haura shekara ɗari. Da aka ƙulla yarjejeniya a farkon kakar 2023, mafi ƙarancin albashin shekara a Triple-A ya tashi daga dala 17,500 zuwa 35,800, na 'yan koyo daga 4,800 zuwa 19,800. Ba kuɗin a zo a gani ba ne a ƙasar nan, amma mutum zai ci abinci ya yi barci a kan gado. Abin da ya burge ni shi ne waɗanda suka yi wannan haɗin kai abokan takarar juna ne. Kowannensu yana jiran gurbin da ɗan'uwansa ke jira, kuma kowa ya san wanda ya cika magana ana iya sallamarsa gobe da safe. Duk da haka suka sa hannu.

Ina kallon su ina tuna yaranmu na filayen unguwa, masu buga ƙwallo da yamma suna mafarkin Turai, da iyayen da ke sayar da gona ko ɗan fili don biyan dillalin da ya yi alkawarin kai yaro gwaji. A nan ma akwai irinsu, 'yan Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da ake ɗauka tun suna shekara 16, da yawansu ba su jin Turanci, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke taka babbar gasa ko da na kwana ɗaya. Ɗan Afirka na farko da ya kai can, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, sai da ya yi shekara takwas yana gwagwarmaya a ƙananan gasanni kafin Pittsburgh ta kira shi a watan Afrilun 2017. Idan za ku ba yaro labarin wanda ya kai, don Allah ku haɗa masa da labarin shekarun da suka gabaci kaiwar, ku kuma tambayi abin da aka rubuta a takarda kafin a sa hannu.

Bulls ta gama kakar da nasara 86 da rashin nasara 64, ta zo ta ɗaya a rukunin gabas. Wasannin ƙarshe a Las Vegas aka yi su, can wani gefen ƙasar, don haka a talabijin muka kalla a falon dattijon nan. Ranar 1 ga Oktoba suka lallasa Nashville, zakarun rukunin yamma, da ci 13 da nema. Kashegari suka doke Reno, zakarun ɗaya gasar ta Triple-A, 10 da 6, suka zama zakarun Triple-A baki ɗaya.

A wasan nan na ƙarshe, a zagaye na tara, wanda ya tsallakar da ƙwallon da ta sa Durham gaba shi ne Tristan Gray. Shi ne na fi sani a cikinsu, domin shi ne kullum nake tararwa in na je fili. Tun 2017 aka ɗauke shi. A kakar nan kaɗai ya tsallakar da ƙwallo sama da 30, ya sa bijimin nan ya yi ta hayaƙi, ana ta kiran abokansa ɗaya bayan ɗaya, shi wayarsa ba ta yi ƙara ba. Ya ɗaga kofi, bazara ta zagayo, muka sake tarar da shi a Durham da riga iri ɗaya. Sai a watan Satumban 2023 Rays ta kira shi. Wasa biyu kacal ya buga musu a shekarar, kuma a ciki ya tsallakar da ƙwallo ɗaya. Daren nan dattijon ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da waya a hannu, yana nuna mini hoton dukan, idanunsa sun kawo ruwa.

Ku gaida mini kowa da kowa. In Allah ya kai mu bazara mai zuwa zan koma filin da ɗana, ya riga ya fara tambayata yaushe za a buɗe.

Naku,
ɗan'uwanku a Durham